Satar Fasaha da Hukuncin Mujallun Ilmi



Abin da ya tara mu yau a Daura shi ne satar fasaha, watau mutum ya kwashi rubutun wani ko tunaninsa ya laƙa wa kansa. Kada mu zaci ciwon ƙananan ɗalibai ne kaɗai. A Satumban 2016 an gano cewa wani sashe na jawabin da aka rubuta wa marigayi Shugaba Muhammadu Buhari daga jawabin Barack Obama na 2008 aka ɗebo shi, har Fadar Shugaban Ƙasa ta amsa, ta ɗora laifin kan wani ma'aikacinta. A Jamus kuwa, ministan tsaro, Guttenberg, ya sauka daga kujerarsa a 2011 saboda kundin digirinsa na dakta.

To, yaya mujallun ilmi ke yi da irin wannan? In maƙala ta isa hannun edita, sai ya fara zuba ta cikin manhajar kwamfuta irin su iThenticate, wadda ke gwada ta da miliyoyin rubuce-rubucen da aka riga aka buga. Manhajar kamanni kawai take nunawa, hukunci na edita ne. Bisa ƙa'idojin COPE, ƙungiyar editoci da aka kafa a Ingila a 1997, in 'yan jimloli ne aka ɗauka, akan ce wa marubucin ya gyara, ya ambaci mai su. In kuwa satar ta yi yawa, sai a nemi bayaninsa, a ƙi maƙalar, wani lokaci har a sanar da jami'arsa. In an riga an buga, sai a janye ta. Janyewa ba gogewa ba ce: maƙalar tana nan a intanet, da tambarin janyewa da dalilinsa da sunan mai ita, duk wanda ya nema ya gani.

Amma fa akwai satar da na'ura ba ta cika kamawa ba, ita ce kuwa ta fi kusa da mu. Mu ɗauki tarihin Bayajida da rijiyar Kusugu. H. R. Palmer ya buga shi a 1928, W. K. R. Hallam ya yi nazarinsa a 1966, M. G. Smith ya fitar da littafinsa kan sarautar Daura a 1978. Wanda ya kwafi Turancin waɗannan, nan take za a kama shi. Wanda ya juya shi zuwa Hausa fa? Wanda ya zauna gaban dattijo ko makaɗin fada, ya kwashi abin da ke kansa, ya buga ba tare da sunansa ba fa? Wannan dattijo ba shi da editan da zai kai wa ƙara.

Magani ba baƙonmu ba ne. Malamanmu na zaure ba su karantar da hadisi sai da isnadi, wane daga wane, kuma ɗalibi na alfahari da faɗin wurin wanda ya ɗauki karatu. Saboda haka, duk abin da za mu rubuta, da Hausa ko da Turanci, mu faɗi littafin da shafinsa. In daga bakin mutum muka ji, mu rubuta sunansa da garinsu da ranar da muka zanta da shi, bayan mun nemi izininsa. Kayan aro ba ya ado sai an yarda na aro ne.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana. Wassalam.