Cigiyar kakan da ya tafi soja: fara da lambarsa

Yau daga Briqueterie nake magana da ku, unguwar Hausawa ta Yawunde, wadda muke ce wa Birik a taƙaice. Duk wanda ya taɓa kawo shanu daga Ngaundere ko kaya daga Mubi ya san ta, don nan ne masauki.

Kwanakin baya wata dattijuwa a unguwar nan ta aika a kira ni. Ta buɗe adaka ta fito da wani ɗan littafi da gara ta ci rabinsa, da wani ɗan ƙarfe mai rubutu. Ta ce, "Ɗan nan, na babana ne. An ce ya je yaƙin Hitila, ya dawo, har ya rasu bai ba mu labari ba. Jikokina suna tambayata ina ya je, ni kuwa ban sani ba." Irin wannan adaka tana gidaje da yawa, daga Garwa har Maraɗi. Watakila akwai ta a gidanku.

Kai makiyayi, in saniyarka ta ɓace ba ka cewa "fara ce" ka yi shiru, ai farare sun yi yawa. Shaidar da ke kunnenta ko cinyarta kake faɗa. To, cigiyar soja ma haka take. Shaidarsa ita ce lambar da aka ba shi ranar da aka ɗauke shi.

Amma kafin lamba, sai ka san sojan wa ya yi. Kamaru ta kasance a hannun Jamus daga 1884. A Janairun 1916 aka ci Yawunde, a Fabrairu kuma dutsen Mora ya miƙa wuya, daga nan Faransa da Ingila suka raba ƙasar. Saboda haka wa yana Garwa, ƙane yana Mubi, kowa da tutar da ya yi wa aiki, kuma takardunsu ba wuri ɗaya suke ba. Ka tuna irin kalmomin da tsohon yake faɗa. In saje da kofur da samanja yake cewa, yana ambaton Bama, na Ingila ne. In sarjan da lajidan yake cewa, yana ambaton Folomi, wato Njamena ta yau, ko Libiya, ko Aljeriya, na Faransa ne.

Mu fara da na Faransa. A ƙarshen Agustan 1940 Leclerc ya sauka Duwala, Kamaru ta bi Janar de Gaulle. Shi ne Leclerc ɗin da babbar makarantar nan ta Yawunde take ɗauke da sunansa. Ta Chadi sojojinsa suka shiga hamadar Libiya, suka ci Kufra a Maris 1941. Kada ka ruɗe in ka ga an rubuta Senegal a takardar kakanka. Faransawa kan kira baƙaƙen sojojinsu 'yan Senegal ko da mutum bai taɓa taka ƙasar ba.

Fayilolin sojojin ƙasashen da Faransa ta mallaka, har da Kamaru da Nijar da Chadi, ana neman su a garin Pau na Faransa, a wani ofishi da ake kira Centre des archives du personnel militaire. Takardar da za ka roƙa sunanta "état signalétique et des services". Sa a rubuta maka sunan nan daidai. Ita ce take nuna ranar da aka ɗauke shi, da rundunarsa, da wuraren da aka kai shi, da ranar da aka sallame shi. A cikin wasiƙar ka sa sunansa, da sunan uwa da uba, da garin da aka ɗauke shi, da shekarar, da lambar. Ka haɗa da takardar rasuwarsa da abin da zai nuna kai jininsa ne. A nan Yawunde akwai ONACAM, hukumar mazan jiya ta Kamaru, ka fara zuwa can su duba maka. In kuma bai dawo ba, sa yaro mai waya ya nemi sunansa a shafin intanet na Mémoire des hommes, inda Faransa ta jera waɗanda suka mutu a yaƙe-yaƙenta. Dubawa kyauta ce.

Na Ingila kuwa, sojojin Najeriya da yawa suna cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda suka yaƙi Japan a Bama a 1944 da 1945. Lambarsu da NA take farawa. Wanda ya mutu can, hukumar kaburburan yaƙi ta Commonwealth ta sa sunayensu a intanet, kuma waɗanda ba a sami gawarsu ba an rubuta su a bangon tunawa na maƙabartar Taukkyan, kusa da Rangun. Wanda ya dawo, ka fara da ofishin Nigerian Legion na jiharsu, sannan gidan adana tarihi na ƙasa da ke Kaduna.

Yanzu ga inda aka fi yin tuntuɓe: suna. Mutanenmu da yawa da sunan gari suka shiga soja, irin su Musa Kano ko Garba Katsina, kuma masu suna ɗaya sun fi a ƙirga. Wani ma ya sake suna don kada iyayensa su sani. Magatakardan Faransa kuma ya rubuta Ousmanou a maimakon Usman, Oumarou a maimakon Umaru, shekarar haihuwa kuwa kintata ta ya yi da ido. Don haka ka kwafi sunan yadda yake a takardar, kada ka gyara. Harafi ɗaya kan sa a ce ba a gan shi ba.

Sai maganar kuɗi, don na san tana ranku. Faransa ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojinta na Afirka da wata doka ta Disambar 1959. Sai daga 1 ga Janairun 2011 aka daidaita shi duka da na Faransawa, kuma sai wanda ya nema. Amma a ji da kyau. Ɗan kuɗin da ake ba mai katin tsohon mayaƙi yana ƙarewa ranar da ya rasu, ba a gadonsa. Fanshon wanda ya yi dogon aiki, wato shekara 15 ko fiye, ko na wanda ya nakasa, shi ne matarsa kan iya samun rabo a ciki. Jika ba shi da komai. Duk wanda ya tare ka a tasha ya ce kawo kuɗin ɗan maraƙi ya fito maka da miliyoyin kakanka, ɗan damfara ne. Amma in matar tsohon tana raye, kada a yi sanyin jiki, a kai takardunta a duba.

Ita dattijuwar nan ta Birik, Allah Ya taimaka gara ba ta kai ga lambar ba, kuma ta yi daidai da ta jikin ƙarfen. Mun ɗauki hoton kowane shafi, mun rubuta wasiƙa, muna jiran amsa.

Kai ma in ka koma gida daga wannan tafiya, buɗe adakar. Ɗauki hoto, ka sa takardun a leda, ka ɗaga su daga ƙasa. Kada ka ba kowa ta asali, kofe ya isa. Sannan ka zauna da tsofaffin gida ka tambaye su: wane gari aka ɗauke shi, wace shekara, da wa suka tafi? Fayil na Pau zai jira ka, amma tsohuwar da ta san amsar nan ba lallai ta jira ba.

Allah Ya ji ƙan mazan jiya, Ya kiyaye hanya, Ya tsare dukiya. Sai mun sake haɗuwa.