Rarar da ba kuɗi ba ce: jawabi a kan damfarar masu sayar da mota ta intanet



A da, wanda ya so rabuwa da motarsa sai ya nemi dillali. Mai saye ya zo da makanikinsa, a buɗe inji, a zaga gari da ita, a taya a yi albarka har a daidaita, a ƙirga kuɗi gaban shaidu, dillali ya karɓi la'adarsa. Yanzu kuwa mutum yana zaune a Maraɗi ko Damagaram zai ɗauki hoton motar ya sa a Facebook ko WhatsApp, kafin la'asar waya ta fara ƙara. An huta da la'ada, amma an rasa shaidu, kuma ta wannan kafa ce wata irin damfara ta shigo, wadda ake iya kira damfarar rarar kuɗi.

Ga yadda take tafiya. A ɗauka wani ma'aikaci ya sa motarsa a kan sefa miliyan 4 don ya rufa ginin gidansa. Sai wani ya rubuto cewa yana ƙasar waje, ko aiki ya riƙe shi a wani gari mai nisa, yana son motar, bai ko taya ba. Bayan kwana biyu sai ga cek na miliyan 4 da jika 800. Nan da nan ya bugo waya yana ba da haƙuri: akawunsa ne ya yi kuskure, ko kuwa rarar ta direban da zai ɗauko motar ce, don Allah a tura jika 800 ɗin ga wata lamba kafin dare. Mai mota, da yake mutumin kirki ne, ba ya son haƙƙin wani ya kwana a hannunsa, sai ya tura. Daga baya banki ya sanar da shi cewa cek ɗin na jabu ne. Miliyan 4 ba su taɓa zuwa ba, jika 800 kuwa daga aljihunsa suka fita, kuma in ya riga ya miƙa makulli, motar ma ta bi su.

Abin lura shi ne, wannan damfara ba kwaɗayin mutum take farauta ba kamar sauran. Riƙon amanarsa ne take mayarwa tarko. Don haka mai gaskiya ya fi kowa shiga haɗarinta, kuma kada wani ya ce shi ya fi ƙarfinta.

Asirin abin yana cikin tazarar da ke tsakanin ganin kuɗi da tabbatarsu. In aka ajiye cek, banki yana iya rubuta adadin a asusun mutum bisa sharaɗin cewa bankin da ya fitar da cek ɗin zai biya. A ƙasashen da ke amfani da sefa a yammacin Afirka, bankuna suna musayar cek ta wani tsari da babban bankin BCEAO ke gudanarwa, kuma sai an kammala wannan musaya ake sanin ko akwai kuɗi a bayansa. Cek na ƙasar waje kuwa yana iya ɗaukar makonni. In ya dawo babu biya, banki zai janye abin da ya rubuta. Amma kuɗin da aka aika ta waya ko ta kamfanin aika kuɗi, ana karɓarsu cikin mintoci, kuma da wuya su dawo. Ɗan damfara yana biya ta hanyar da ake iya warwarewa, yana neman a mayar masa ta hanyar da ba ta warwaruwa.

Ba cek kaɗai ba ne makaminsa. Wani lokaci saƙon waya ne da aka ƙera mai kama da na banki, ko hoton rasit da aka gyara da kwamfuta. Wani lokaci kuɗin sukan shigo da gaske, amma daga asusun wani da aka sace. Ranar da mai asusun ya kai ƙara, sunan mai mota ne za a tarar a takarda, shi ne kuma zai amsa tambayoyi.

Alamominsa ba sa ɓuya: mai saye da ba ya son ganin mota, farashin da aka amsa ba tayi, kuɗin da suka zarce ciniki, mutum na uku da za a tura wa rara, sai kuma gaggawa. Kowane dalili zai kawo don kada a jira gobe, domin gobe ce ranar tonuwar asirinsa.

Maganin ba shi da tsada. Ba a cinikin biri a sama: mai saye ya zo da kansa, ko ya turo wakili da katin shaidarsa. Kada a karɓi ko dala sama da abin da aka daidaita. In cek ya zo da ƙari, a mayar da shi dungum a nemi wani. Kada a dogara da saƙo ko hoto. A je banki a tambaya ko kuɗin sun tabbata har ana iya cire su ba sharaɗi. Kuɗin direba tsakanin mai saye ne da direbansa. Makulli da takardun mota, musamman kart giriz, su zauna a hannun mai su sai an gama biya, an kuma rubuta takardar ciniki da sa hannun shaidu da hatimin hukuma.

Wanda abin ya riga ya faɗa wa, kada kunya ta rufe masa baki. Ya sanar da bankinsa da kamfanin da ya aika kuɗin nan take, tun ba a karɓe su ba, ya adana saƙonni da lambobi da rasit, ya kai ƙara komisariya ko wurin jandarmomi. Nijar tana da dokar yaƙi da laifuffukan intanet tun shekarar 2019, kuma ƴan sandan bincike a Yamai suna da sashe na musamman a kan wannan aiki. Shirun mutum ɗaya shi ke ba ɓarawo damar cutar maƙwabcinsa.

Mota dukiyar shekaru ce. Mai saye na gaskiya zai jira banki ya tabbatar da kuɗinsa; wanda ya ƙi jira ya riga ya faɗi ko shi wane ne. Allah ya tsare dukiyar kowa, ya sa albarka a kasuwa.