In Kwamfutar Da Ka Haɗa Ta Ƙame Wajen Tashi



An ce in yi magana a kan matsalar da ta dami yaranmu masu zuwa kasuwar Computer Village ta Ikeja su sayo kaya ɗaiɗai su haɗa kwamfuta da hannunsu. Yaro ya tara kuɗi wata da watanni, ya haɗa, ya danna makunni, fanka na juyawa amma allo baƙi ƙirin. Sai wani ya ce masa bod ya ƙone, ya je ya sake saye. Jama'a, sau da yawa babu abin da ya ƙone.

Da farko mu san abin da ke faruwa in an kunna ta. Akwai ƙaramar manhaja a jikin bod, ana ce mata BIOS, sababbi kuma UEFI. Ita ce ke fara duba furosesa, ta duba ram, ta duba sashen hoto, sannan ta nemi faifan da Windows ke ciki. Inda ta tsaya, nan cutar take. Bod na zamani da yawa suna da 'yan fitilu huɗu masu rubutun CPU, DRAM, VGA da BOOT. Wadda ta tsaya a kunne ta nuna maka mai laifi.

To, kafin ka taɓa komai, zare waya daga soket, ka dafa ƙarfen akwatin don ka sauke lantarkin jikinka, musamman lokacin hunturu. Akwatin wuta kuwa, kada ka kuskura ka buɗe cikinsa, domin yana riƙe wuta ko bayan an kashe.

Fara da wuta. Wayoyi biyu ne ke shiga bod: babba mai ƙafa 24, da ƙarama mai ƙafa 8 ko 4 kusa da furosesa. Wannan ƙaramar ita aka fi mantawa. In akwatin wutar tsohon tokumbo ne mai jan makunni a baya, duba shi tun kafin ka kunna. Wutarmu bolt 230 ce, wanda ya fito daga Amurka kuwa yana iya zuwa a kan 115. Ka jona shi haka, shi ke nan, hayaƙi.

Na biyu, allon. In ka sa katin hoto, a jikin katin za ka jona wayar allo, ba a jikin bod ba. Furosesar Intel da lambarta ta ƙare da harafin F ba ta da sashen hoto ko kaɗan, dole sai da kati.

Na uku, ram, kuma a nan aka fi kama ɓarawon. Cire duka, ka mayar da guda ɗaya a rami na biyu daga furosesa, ka danna har ka ji ƙas. In ba ta tashi ba, gwada ɗayan. DDR4 da DDR5 duk ƙafa 288 gare su, amma tsagarsu ba wuri ɗaya take ba, saboda haka kada ka tura da ƙarfi. Mai DDR5 kuma ya yi haƙuri, tashin farko kan ɗauki 'yan mintoci allo na baƙi.

Na huɗu, cire ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, ka jira minti 5 ka mayar. Wannan zai mai da saitin BIOS yadda ya fito daga kamfani.

Akwai kuma tsohon bod da sabuwar furosesa. Misali, da AMD ta fito da Ryzen 5000 a 2020, bod irin B450 da aka riga aka ƙera ba sa tashi da ita sai an sabunta BIOS. Tambayi mai shago wannan kafin ka biya.

In tambarin kamfani ya fito sannan ta ƙame, zare duk abin da ke ramukan USB, ka cire faifan ajiya, ka mayar da su ɗaya bayan ɗaya. In sai Windows ta fara juyawa take tsayawa, shiga BIOS ka duba zafin furosesa. Wasu kan manta ledar da ke manne a ƙasan fankarta. Ka kashe XMP, sannan ka gwada ram da manhajar MemTest86.

In duk ya ƙi, fito da bod daga akwati ka ɗora a kan kwalinsa ka kunna. Sukuru ɗaya da ya faɗa ƙarƙashi ya isa ya hana ta tashi.

Abin da nake roƙonku shi ne, abu ɗaya za ku riƙa canzawa a lokaci guda, ku rubuta abin da kuka gani. Ku ari kayan abokinku ku gwada kafin ku sayi sabo, ku karɓi rasit, ku nemi sitabilaiza saboda wutar janareta. Iyaye kuma, in yaro ya zo neman kuɗin sabon bod, ku tambaye shi wace fitila ce ta tsaya.

Mai tambaya, bismillah.