Jawabi a kan takardar shafe hannu ta gidajen abinci

Yau zancenmu a kan wata ƴar takarda ne.

A ƙasashen Amurka da Faransa akwai gidajen abinci na masu sauri, irin su McDonald's. Mutum ya shigo ya biya, a miƙa masa burodi da nama da soyayyen dankali, ya ci da hannu kamar mu. Amma babu buta a gabansa, babu ƙwaryar wanke hannu. Takarda ce mai laushi ake ba shi, ya shafe maiƙo ya yar.

A da, tara takardun ake yi bisa tebur, kowa ya ɗiba. Kun dai san halin ɗan Adam da abin kyauta. Mai bukatar biyu sai ya damƙi goma. Sauran ko taɓa su bai yi ba, sai kwandon shara. Mai gidan abincin kuwa sau biyu yake biya: ya biya wajen saye, ya biya masu kwashe shara.

Sai aka ƙero wani akwati mai ƙaramin baki. In ka ja, takarda ɗaya ce za ta fito. Ba a hana kowa ƙari ba, amma mutum yakan ja biyu ya tafi abinsa. Kamfanin Tork, mai yin irin akwatin, ya ce da shi ana rage kashi 25 cikin 100 na takardun. Wasu gidajen kuma ma'aikaci ne ke ƙidaya su, ya sa cikin jakar abinci.

To, wadda ta sha maiƙo fa? Ba a maida ta masana'anta a sake yin takarda, don mai yana ɓata aikin. Amma da yake asalinta itace ne, tana ruɓewa. In an haɗa ta da ragowar abinci sai ta zama taki, kamar yadda muke yi a ramin takinmu.

Gwamnatin Faransa ta kafa doka a 2020. Tun daga 1 ga Janairu 2023, gidan abincin da ke da wurin zama 20 ko fiye, dole ya ba masu ci a wurin kwano da kofi irin na wankewa.

Mu nan, tamu matsalar leda ce. Nijar ta yi dokar hana ta a 2014, amma har yanzu mai ƙosai a cikinta yake zuba maka, ko ƙosan na dala biyar ne. Leda ba ta ruɓewa, kuma akuyar da ta haɗiye ta sai rama, wani sa'i har mutuwa. In za ku sayen abinci kasuwa, ku riƙe kwanonku.