Hatsarin da za a iya tsira daga gare shi

A rahotannin Turanci kan hatsarin jirgin sama akwai wata siffa da masu bincike ke yawan amfani da ita, mai nufin cewa mutum zai iya fita da rai. A bakin mutanen gari kuwa, tana zama kamar an ce abin bai yi muni ba. Wannan kuskure ne. Mai bincike yana duban ko ƙarfin bugun ya wuce abin da jikin ɗan Adam zai jure, da ko kujera da wurin zama sun tsaya. Da wannan ma'auni, hatsarin filin jirgin Manchesta na 1985 yana cikin waɗanda za a iya tsira daga gare su, ga shi kuwa mutum 55 sun rasu, akasarinsu saboda hayaƙi, jirgin ma bai tashi daga ƙasa ba.

Wani zai ce faɗin haka ga iyalan mamata cin fuska ne, kamar ana ɗora wa mamacin laifin rashin kuɓuta. Zafin gaskiya ne, amma laifin yana komawa ne kan ƙofa mai matsi da kayan kujera masu fitar da hayaƙi mai guba. Bayan Manchesta aka faɗaɗa hanyar zuwa ƙofofin gaggawa. Daga baya kuma, a wani hatsari a filin jirgin Haneda na Tokiyo, a Janairun 2024, dukkan mutum 379 da ke cikin jirgin Japan Airlines sun fita kafin wuta ta cinye shi.