Ciwon Da Muke Kullewa A Ɗakin Baya: Jawabi A Taron Ƙungiya





An ba mu wannan dama ne saboda zagayowar 10 ga watan Oktoba, ranar da duniya ta keɓe tun 1992 don tunatarwa kan lafiyar ƙwaƙwalwa. Mu 'yan kasuwa ne, iliminmu na allo ne da Islamiyya, ba mu taɓa zama ajin likita ba. Amma mai rumfa a bakin hanya yana ganin abin da na cikin ofis ba ya gani. Abin da muka gani a gidajenmu, da abin da muka tambayo wurin likitoci, shi za mu faɗa.

Jama'a, tun lokacin da layin dogo ya haɗu a Kafanchan a 1927 kakanninmu suka yi ta zuwa daga Kano da Zariya da Katsina da Bauchi, suka tarar da waɗanda suka riga su zama a ƙasar Jama'a. Ba mu da yawa, kowa ya san gidan kowa, kuma a tsakaninmu muke aure. Wannan zumunci alheri ne. Sai dai ya haifar mana da wata ɗabi'a, wato ɓoye ciwo. Idan ciwon ya shafi kai, sai a kai mutum ɗakin baya a ja ƙofa, don kada a ce gidan wane akwai abin nan, 'yan matan gidan su rasa mijin aure. Wanda ya ɓoye ciwonsa kuwa, ai ya ɓoye maganinsa.

Babban kuskurenmu shi ne mun zuba komai a buhu ɗaya mun rubuta masa "iska". Ɗan kasuwar da ya haɗa citta da gero a buhu ɗaya ya yi asarar duka biyun. Bari mu zazzage buhun nan mu ware kayan kashi uku.

Na farko, ciwon damuwa. Duk wanda ke ɗakin nan ya san abin da garin nan ya gani a 1987 da 1999, da kuma watan Afrilun 2011 lokacin da kasuwa ta ƙone. An sake gina rumfuna, amma akwai zukatan da har yau ba a gyara ba. Mun san magidancin da ba ya iya barci sai an kunna fitila, da zarar taya ta fashe a titi jikinsa ya ɗauki rawa. Mun san uwar da ta daina magana, ta daina cin abinci, ana cewa ta cika baƙin rai. Wannan ciwo ne mai suna, kuma yana da magani. Maƙwabtanmu Fantswam da Kaninkon da Bajju da mutanen Kagoro su ma suna da irin waɗannan marasa lafiya a gidajensu, don ciwon ba ya tambayar ƙabila.

Na biyu, farfaɗiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 50 ke da ita, kuma kamar 7 cikin 10 za su iya daina faɗuwa in suna shan magani a kan kari. Ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓa jiki. In mutum ya faɗi, a janye shi daga wuta da ruwa, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa komai. In abin ya wuce minti biyar, sai asibiti.

Na uku, wanda ya fi kawo rabuwar aure, shi ne ciwon gado. Ga wani abu da ya faru a unguwarmu, ba za mu kama suna ba. Yaro ɗan shekara bakwai mai sikila ya kwanta lafiya, gari ya waye hannunsa da ƙafarsa na dama ba sa motsi, baki ya karkace. Aka ce aljani ya mare shi a hanyar rafi. Aka yi wata biyu ana hayaƙi. Dangin miji suka ce jinin matar ne ba shi da kyau, ƙarshe aka ba ta takardarta. Daga baya likita ya ce jijiyar jini ce ta toshe a ƙwaƙwalwar yaron, kuma sikilar ce ta jawo.

To, a nan sai mu yi lissafi irin namu na kasuwa. Ɗa kamar jarin haɗin gwiwa ne: uba ya zuba rabi, uwa ta zuba rabi. Ba a haifar mai sikila, wato SS, sai uba ya ba da S uwa ma ta ba da S. In su biyun AS ne, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zama SS. Ashe wanda ya saki matarsa saboda wannan, rabin kayan nasa ne ya manta. Kusan ɗaya cikin kowane 'yan Nijeriya huɗu yana ɗauke da AS ba tare da yana ciwo ba, kuma ana ƙiyasin jarirai 150,000 ake haifa da sikila duk shekara a ƙasar nan. Daga cikin masu SS, kamar 1 cikin 10 kan gamu da shanyewar ɓarin jiki kafin shekara 20 idan ba a yi rigakafi ba.

Abin farin ciki, rigakafin yana nan, kuma a ƙasarmu aka tabbatar da shi. Likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da asibitin Murtala Muhammad a Kano, da na Barau Dikko a Kaduna, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sun yi bincike a kan yaranmu. Akwai na'urar da ake ɗorawa a gefen kan yaro ta auna gudun jini a ƙwaƙwalwa, babu allura babu zafi. In gudun ya yi yawa, yaron yana cikin haɗari, sai a sa shi kan ƙwayar haidiroksiyuriya kullum. Sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna ko ƙaramin awo na maganin yana kare yara. Duk mai ɗa SS ya tambayi likita wannan awo tun yaron yana shekara biyu.

Akwai kuma cututtukan gado na ƙwaƙwalwa da ba kasafai ake ganinsu ba, har an ware wa dukkan cututtukan da ba kasafai ake gani ba ranar ƙarshe ta watan Fabrairu tun 2008. Ɗaya daga ciki ita ce cutar Huntington, wadda wani likitan Amurka mai wannan suna ya bayyana a 1872. Takan taso ne tsakanin shekara 30 zuwa 50. Mutum mai natsuwa sai halinsa ya sauya, ya riƙa fushi da mantuwa, gaɓoɓinsa su riƙa fizga ba da sonsa ba, har a zaci maye ne ko sammu. Ita daga mahaifi ɗaya take wucewa, uwa ko uba, kuma kowane ɗa rabi da rabi ne. Ba a samo maganin warkewa ba, amma akwai na sassauci. Wasu cututtukan kuma irin na sikila ne, sai an haɗu daga ɓangare biyu, shi ya sa suka fi fitowa inda auren zumunci ya maimaitu. Ba mu ce a daina auren zumunci ba. Amma in a zuri'a an ga yara biyu ko uku da ciwo iri ɗaya, ba zama, ba tafiya, ba magana, a je a nemi shawarar likita kafin a sake ƙulla wani a cikin gida.

Malamanmu na Islamiyya sun koya mana cewa neman magani ba ya rushe tawakkali. A yi addu'a, a yi tofi, sannan a hau mota. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Barnawa cikin Kaduna, akwai sashen masu wannan ciwo a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, kuma babban asibitin garin nan zai iya ba da takardar turawa. Abin da ba za mu yarda da shi ba shi ne mari da bulala. Kun tuna Satumbar 2019, da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa, da yawansu da sarƙa a ƙafa, kuma iyaye ne suka kai su da hannunsu. A Janairun 2023 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tabbatar wa mai wannan ciwo haƙƙin a yi masa magani cikin mutunci.

Saboda haka muna roƙon ƙungiya abu huɗu. Ɗaya, a yi gwajin jini kafin a sa rana, kafin zukata su yi nisa, kafin a sayi akwati ko ɗaya na lefe. Jihar Kano ta mayar da shi doka a 2024, mu kada mu jira doka. Biyu, a buɗe asusu, kowace rumfa ta riƙa jefa abin da ya sawwaƙa ranar Juma'a, don kuɗin mota da na magani, tunda yankewar magani ke dawo da ciwo. Uku, iyayenmu mata su zaɓi mutum biyu masu riƙe sirri, waɗanda uwa za ta iya gaya wa halin da take ciki. Huɗu, mu hana yaranmu bin mara lafiya da jifa da waƙa, mu ma mu cire kalmar "mahaukaci" daga bakinmu.

Yaron nan da muka ambata yana nan da ransa, ya girma, da hannun hagu yake karɓar kuɗi a rumfa. Duk lokacin da muka wuce shi sai mu tuna wata biyun da aka ɓata, da uwar da aka kora ba laifinta. Kada mu bari a sake yin haka a gidan wani daga cikinmu.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ba masu jinya haƙuri da lada, ya zaunar da garinmu lafiya. In mun yi kuskure a gafarce mu.