Kafin ka yanke sifirin motarka

A garejojin Briqueterie da ke Yawunde, samari kan ce a saukar musu da mota kusa da ƙasa don ado, bakanike kuma ya yanke zobe ɗaya ko biyu na sifirin. To ɗan kasuwa, kai ka yi lissafi tukuna.

Ƙarfin sifirin shi ne nauyin da ke danne shi santimita ɗaya. A ce naka kilo 30 ne. Ka loda buhu huɗu masu kilo 50 a baya: kowane sifirin ya ɗauki kilo 100, mota ta zauna fiye da santimita 3. In da ma an rage mata santimita 4, me ya saura? Rami ɗaya a hanyar Garuwa-Bulai, shoka ta ƙure, salansa ta daki ƙasa, ga ka a daji da kayan mutane.

Yanka na ƙara wa sifirin tauri kaɗan, amma ba ya cike giɓin. In dole ne, sayi gajere mai ƙarfi, da shoka daidai da shi, hagu da dama iri ɗaya. Motar neman abinci kuwa, a bar ta da tsayinta.